Kular da Teku Ta Mayar

Kular ja ce mai farin murfi, irin wadda masunta ke zuba ƙanƙara da kifi a ciki. Ita kaɗai teku ta mayar. Kwalekwalen bai dawo ba, injin bai dawo ba, Manong Dado, wato Yaya Dado, shi ma bai dawo ba. Matan da ke tsintar ciyawar ruwa ne suka gan ta kife a kan duwatsu bayan guguwa ta lafa, murfinta a wangale, ɗan kan famfon tagullar nan na gefenta yana nan daram. Ba wanda ya tambayi ta waye. A duk ƙauyen mutum ɗaya ne ya taɓa huda kula ya sa mata famfo.

Dado ya yi shekaru yana kuku a jirgin ruwa na dakon kaya, can ya koyo dafa giyar sha'ir a wurin wani injiniya Bature. Da ya dawo gida Ilokos ya koma kamun kifi, sai ya riƙa aikawa Manila a sako masa tsiron sha'ir a motar haya. Mutane suka yi ta yi masa dariya. Ga basi, giyar rake, a kowane gida, ga ta kwalba a shago, shi ya tsaya wahala da kula. Da suka ɗanɗana, sai dariyar ta koma "Dado, yaushe za a sake?" Ranar fitarsa ta ƙarshe kular kifinsa ce ta tsage, sai ya sunkuci ta giyar, ya ce ai na yini ɗaya ne.

Ƙaninsa Fermin sha kawai ya iya. Ya dai san yadda abin yake daga nesa. Ana zuba ruwan zafi da ɓarzajjen tsiro a kular, a rufe murfi kamar awa guda, sannan a buɗe famfo, ruwa mai zaƙi mai launin shayi ya sauko, dusar ta tsaya a ciki. Wannan ruwan ake tafasawa, a sa masa yis, a bar shi makonni ya zama giya. Amma abin da ke tare dusar kada ta bi famfo ta toshe shi, wani mataci ne da ke kwance a ƙasan kular, kuma teku ta tafi da shi. Fermin bai taɓa leƙawa ya ga kamanninsa ba. Shi ba ya iya zama wuri ɗaya har a gama tace wani abu. Ko makaranta bai zauna ya gama ba.

Yanzu ga waksi ya matso, ranar cikar shekara da ake tuɓe baƙin kayan makoki. Nanang, mahaifiyarsu, ta faɗi nata tun da wuri, a gaban 'yan uwa. Ta ce ranar da ta kurɓi giyar Dado daga kular Dado, ran nan za ta cire baƙi. In kular ta ƙi, to shi ne bai yarda a sallame shi ba, kuma ita ba za ta riga shi ba.

Fermin kuwa ya yi mata alkawari ba zai bar gidan ba tana cikin baƙi. Ɗan kawunsa ya samo masa gurbi a inda ake ƙera jiragen ruwa a Subik, yana ta waya yana cewa gurbi ba ya jiran mutum har abada.

Shi ya sa da hantsin wata Asabar aka same shi tsugunne a bayan gidansu ƙarƙashin mangwaro, shi da Ambo mai gyaran famfo, abokin Dado tun suna yara. Ambo ya lanƙwasa bututun jan ƙarfe daidai faɗin kular, ya bi cikinsa da zarto ya yi masa tsaga-tsaga kamar haƙoran matsefi.

"Wannan ne, ading," in ji Ambo, yana kiransa ƙane da yarensu. "Na rantse da kabarin kakata irinsa yayanka ya sa. Ina gani da idona."

"Wancan karon ma da kabarinta ka rantse cewa ragar ƙarfe ce."

"Ta saba. Ba ta jin haushi."

Wancan karon sun zare ragar ƙarfen da ke lulluɓe da tiyon ruwan banɗaki, suka ɗaura ta a famfo daga ciki. Ruwan ya ɗigo bai cika kofi ba ya tsaya cak. Ambo ya ce nauyin dusa ne ya danne ragar ta lanƙwashe, suka kife wa aladu kular gaba ɗaya ba tare da sun duba ƙasanta ba. Buhun tsiro guda ya tafi a banza.

"Ka kifa tsagar ƙasa, Manong Ambo, ko sama?"

"Ƙasa mana. Kai makarantar da ka gudu, ba a koya muku ruwa ƙasa yake bi ba?"

"Ranar da aka koya ina wurinka kana koya mini karta."

Suka zuba ruwan zafi, suka zuba tsiro, Fermin ya juya da tsohon filafilin da Dado ya fere don wannan aikin. Ƙamshi ya tashi kamar na burodi da zuma. A ƙarƙashinsa kuwa akwai wani warin, na gishiri da ciyawar ruwa. Sun wanke kular da sabulu, sun wanke da toka, sun shanya ta a rana har jan ya koɗe, amma da ta ji zafi sai warin ya farka.

Suka rufe murfi. Ba a jima ba ta fara.

Ƙwas. Shiru. Ƙwas, ƙwas, daga ciki, can wajen murfin, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar da ba a so a tada masu gida.

"Roba ce ke miƙa," in ji Ambo, yana tattara zartonsa. "Kowace kula haka take in ta ji zafi. Af, na manta famfon gidan liman na coci yana zuba. Bari in leƙa in dawo."

"Ran nan ma famfon liman ne."

"Famfon coci ne, ading, zunuban mutane ke toshe shi."

Ya yi alamar gicciye da sauri, yana tsammanin ba a gani ba, ya fice. Karen gidan tuni ya koma ƙarƙashin keken ɗinki. Fermin ya zauna a kan bokiti, ya tashi, ya sake zama. Rana tsaka ce, zakaru na cara a maƙwabta, wata mata na jin rediyo a can gaba, amma shi gashin hannunsa a miƙe yake. Da ƙwanƙwasar ta sake zuwa sai ya hau babur ya kama hanyar titi. Ya je har gadar kogi, ya tsaya yana kallon motocin Manila suna wucewa, ya juyo sa'ad da ya ga awar ta yi.

Ambo ya riga shi dawowa, yana tsaye nesa da kular. Fermin ya sa tiyo a famfo, ya sa ɗaya bakin a tukunya, ya murɗa a hankali. Ruwa mai kauri fari-fari ya gangaro, ya yi siriri, ya koma ɗigo. Ya tsaya.

"Hura," in ji Ambo. "Hura ta tiyon, ka tura abin da ya tare."

Fermin ya sa baki ya hura. Iskar ba ta shiga ba. Ji ya yi kamar wani ya sa babban yatsa ya toshe daga can ɓangaren. Ya ƙara ƙarfi har idanunsa suka kawo ruwa, sai iskar ta dawo masa baki, da ɗumi, da ɗanɗanon gishiri. Ya saki tiyon ya ja da baya yana tofarwa.

"Ya ƙi?"

Nanang ce a ƙofar madafa, cikin baƙar rigarta da ta koɗe ta koma launin gawayi. Hannuwanta a jiƙe.

"Bututu ne ya toshe, Nanang."

"Ya ƙi," in ji ta, ba tambaya ba wannan karon. Fuskarta ba ta nuna ɓacin rai ba. Ta juya ta koma ciki, suka ji ta tana ɗan rera waƙar coci a ƙasan maƙogwaro.

Ambo ya ce a kai wa aladu. Fermin ya ce ba inda za a kai sai ya ga abin da ke ƙasa. Suka bar murfin a buɗe har la'asar, dusar ta huce yadda hannu zai iya shiga. Ya naɗe riga ya tura hannu har gwiwar hannu, yana laluben bututun. Yatsunsa suka nutse cikin wani abu mai laushi mai ɗumi, abin ya rufe a kansu ya riƙe, kamar tafin hannu.

Ihun da ya yi sai da kaji suka watse. Ya fizgo hannun, ga wani farin curi manne da yatsunsa yana ja kamar danƙo.

Ambo ya matso da baya-baya, ya leƙa, ya shinshina. Sai ya ɓantara ya sa a baki.

"Shinkafa ce," ya ce. "Diket ce, mai danƙon nan. Dafaffiya." Ya fashe da dariya irin ta wanda tsoro ya sake shi. "Kai, ading! Ka kusa sa ni fitsari a wando saboda tuwon shinkafa!"

Suka kwashe dusar da kwano. Kaf ƙasan kular shinkafa ce, ta narke ta zama kunu mai kauri, ta like kowace tsaga ta bututun kamar an shafe da siminti. Fermin ya san wannan shinkafar. Kullum Nanang tana dafa ta ba gishiri ba sukari, ta ɗora ƙwai a tsakiya, ta ajiye a gaban hoton Dado. Atang ke nan, rabon mamaci.

"Gara da ba ta sa ƙwan ba," in ji Ambo. "Ka ga maganin abin mai sauƙi ne. Bututuna lafiyarsa ƙalau. Gobe in ka rufe murfi sai ka hau kai ka zauna kamar kaza a kan ƙwai. Awa ɗaya tak ka riƙe gindinka wuri guda, in za ka iya."

Fermin ya same ta a madafa tana gyaran ganyen miya. Ƙaramar tukunyar shinkafar na kife a kan mazubi, an wanke ta fes.

"Nanang, ke kika buɗe kular?"

"Ni ce."

"Wancan karon ma?"

"Wancan ma." Ba ta ɗago ba. "Duk abin da aka dafa a gidan nan da rabonsa, barok, ɗana. Na tebur ƙuda ke ci, ina gani. Ya za a yi ya zo tebur? Bai san hanyar ba, ba a kawo shi gida ba. Inda ya riƙe na ƙarshe, can yake. Ka taɓa duba hannun kular?"

Bai taɓa ba. Ya fita ya duba. Hannun hagu lafiya lau. Na dama kuwa ya tsage daga inda aka kafe shi, robar ta miƙe ta yi fari, irin yadda take yi in an daɗe ana ja da nauyi. Ya sa yatsunsa a wurin, ya yi maza ya janye. Ya dawo madafa.

"Shinkafar ce ke toshe famfon, Nanang. Buhu ɗaya ya rage. In wannan ya lalace, ko an aiko da wani giyar ba za ta nuna kafin waksi ba."

"Zan sake sa masa," ta ce, tana zuba ganyen a ruwa. "Ka sani tun yanzu, don kada ka ce na yi a ɓoye."

Ya kwana biyu yana yawo da maganar. Zama a kan murfi ba wuya ba ne, ko ƙwanƙwasar zai iya daurewa in ya sa rediyo. Abin da ya kasa shi ne hango ta tsaye a gabansa da tukunya a hannu, shi yana zaune a kan ɗanta yana ce mata a'a. In ruwan ya sauko ta haka, za ta ce an hana shi ci ne aka ƙwace, kuma baƙin nan ba zai fita ba. Dole ne shinkafar ta shiga, kuma dole ruwan ya fito.

Da safiyar Litinin ya bi ta gidan Ambo. A bayan turken aladu, inda suka kife ragowar dusar da aladun suka ƙi, akwai tulin ɓuntun shinkafa da ake shimfiɗa musu. Kunun nan mai kauri ya faɗa a kan ɓuntun, kaji sun tona sun cakuɗa. Daga ƙasan tulin wani siririn ruwa ya tsiyaye ya bi ƙasa, tururuwa sun yi masa layi. Fermin ya tsuguna ya damƙi cakuɗen ya matse. Ruwa ya fito ta tsakanin yatsunsa, ba danƙo.

"Manong Ambo! Fito ka gani!"

Ambo ya fito da buroshi a baki. Ya duba, ya tofar.

"Shimfiɗar aladu za ka sa a giyar yayanka?"

"Sabo zan ɗebo a injin casa, in wanke da ruwan zafi. Ba ya narkewa, ba ya da ɗanɗano. Shi zai buɗe wa ruwa hanya a cikin kunun."

"To bututuna fa?"

"Tsagoginsa sun yi kaɗan. Ko da ɓuntu, in shinkafa ta kwanta a kansu an gama. Yadi nake so, babba, a ɗinka shi jaka ya lulluɓe cikin kular duka. Ko'ina ya zama mataci. In ƙasa ta like sai a ɗaga jakar ruwa ya bi ta gefe."

"Yini guda na yi ina yanka jan ƙarfe, ka zo ka ce mini zani." Ambo ya sosa ƙeya. "Buhun fulawa saƙarsa ta yi matsi. Gidan sauro akwai magani a jikinsa, za ka kashe 'yan makoki gaba ɗaya, a yi waksi biyu. Shara-shara ake so mai ƙarfi, wanda ba ya zuba." Ya dubi can gidan su Fermin ta saman shinge. "Irin wancan."

Farin labulen tagar ɗakin Dado yake nufi. Tun ranar da aka daina neman Dado Nanang ta sake shi, ba a ƙara ɗagawa ba.

"Kai, Manong."

"Ni ban ce komai ba. Haƙorana nake wankewa."

Fermin ya tambayi Nanang da rana suna cin abinci. Ya yi mata bayanin jakar da ɓuntun, ya ce ta sa shinkafarta yadda take so, shi da kansa zai buɗe mata murfin. Ta daɗe tana tauna loma ɗaya.

"Labule ba zai iya ba," ta ce. "Ƙarfe ma bai iya ba."

"In bai iya ba, shi ke nan, ya ƙi. Ba zan ƙara magana ba."

Ta dube shi kamar tana auna shi da ido. Sannan ta wanke hannu ta shiga ɗakin. Fermin ya fita tsakar gida don kada ya tsaya mata a kai. Yana kallo labulen ya zame daga igiyarsa, rana ta faɗa ɗakin a karo na farko cikin shekara. Ya ga gadon a gyare, ga riga rataye a ƙusa. A gefen gadon, inda hasken ya tsaya, sai ya ga kamar wani ya janye ƙafa ya matsa cikin inuwa, yadda mutum ke yi in rana ta same shi yana hutawa. Ya ƙifta ido. Nanang ce kaɗai a ciki, tana can ɗaya ɓangaren tana ninke labulen.

Ta wanke shi, ta tafasa, ta auna kular da tafin hannu, ta hau keken ɗinki. Ɗinki biyu-biyu ta yi wa kowane gefe, ta sa igiyar zuge a baki. Ko ta so ta yi aikin banza, hannunta bai iya ba.

Ranar Laraba da sassafe suka ɗora ruwa. Fermin ya shimfiɗa jakar a cikin kular, bakinta ya lanƙwaso waje kamar wuyan riga. Ya zuba ruwan zafi, ya zuba buhun ƙarshe, ya zuba wankakken ɓuntu kwano bayan kwano har filafilin ya daina jin nauyi. Ambo ya ce famfon liman ya sake ɓallewa, ya tafi.

Nanang ta fito da tukunya. Ba ƙaramar nan ba, babbar da ake dafa wa baƙi. Fermin ya dubi tukunyar, ya dube ta. Ya ɗaga murfin ya riƙe mata. Ta juye shinkafar duka, ta kankare gindin tukunyar da cokali.

"Ci, barok," ta ce wa tururin.

Ya farfasa curin da filafili, ya ƙara ɓuntu, ya ƙara ruwan zafi, ya rufe. Ya jawo mata kujera, shi ya zauna a kan bokiti.

Ƙwas. Ƙwas, ƙwas.

Ƙafarsa ta fara rawa. Babur na jingine da mangwaro, makullin a jiki. Ya danne gwiwarsa da hannu biyu.

"Haka yake ƙwanƙwasa mini taga in ya dawo daga teku," in ji Nanang. "Don kada ya tashe ka."

"Roba ce, Nanang."

"Na sani." Ta gyara bakin rigarta. "Ka san ya taɓa sa diket a ciki? Shekarar da ya dawo. Wai zai yi giyar da ba a taɓa yi ba a duniya, ta Ilokos zalla. Famfon nan ya ƙi ko ɗigo. Yini guda yana zagin kular da yaren mutanen jirgi, har na ce in bai rufe baki ba zan wanke masa shi da sabulu. Ya ce, Nanang, ko a mafarki kada ki bari diket ta kusanci kulata."

Ta yi 'yar dariya. Fermin bai yi ba.

"Ashe kin sani."

Ta zuba wa kular ido.

"In famfon ya tsaya," ta ce a hankali, "sai in ji kamar akwai mai riƙewa. Muddin yana riƙewa, ai yana nan."

Wani tsuntsu ya sauka a reshen mangwaro ya tashi. Suka zauna haka, ita da shi da ƙwanƙwasar, har inuwar bishiyar ta janye daga kan murfin.

Ambo ya dawo yana share hannu a wando, ya ga fuskokinsu, ya haɗiye barkwancin da ya zo da shi. Fermin ya tsuguna ya kama kan famfon. Tagullar ta yi zafi. Ya ɗago ya dubi mahaifiyarsa, ita kuwa tiyon take kallo. Ya murɗa.

Ruwan ya zo gurɓatacce da farko. Ya tara a jug, ya ɗaga murfi ya mayar a hankali a kan dusar, yadda ya sha ganin Dado na yi. Ya sake tarawa ya mayar. Sai ruwan ya washe, ya koma launin zuma, yana sauka a tukunya da ƙara mai daɗi.

"Zani ya ci jan ƙarfe," in ji Ambo ƙasa-ƙasa. "Kada ka faɗa wa kowa a gari."

Tukunyar ta kai kwata, ta doshi rabi. Sai ƙarar ta canja. Ruwan ya yi siriri kamar zare, ya tsinke. Ɗigo ɗaya ya rataye a bakin tiyon ya ƙi faɗuwa.

Ba wanda ya motsa. Rediyon maƙwabta ma kamar an kashe. Warin teku ya cika bayan gidan, da ƙarfi, kamar ruwa ya hau har shinge.

Fermin ya ɗaga murfin ya kai hannu zai kama bakin jakar. Nanang ta riƙe masa wuyan hannu. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Bari," ta ce.

Ya bari. Yana jin bugun jininsa a ƙarƙashin yatsunta. In ta ce a rufe, ya san zai rufe. Zai yi wa ɗan kawunsa waya ya ce a ba wani gurbin.

Ta sake shi. Ta miƙe da kyar, ta dafa gefen kular, ta sunkuya har tururi ya rufe mata fuska. Ta daɗe a haka. Sannan ta naɗe igiyar jakar a hannunta, sau ɗaya, sau biyu.

"Dado," ta ce, da muryar da take tada su da ita suna yara. "Ka ƙoshi. Saki, barok. Ka gaji da riƙo. Saki haka nan."

Ta ja. Jakar ta fi ƙarfinta, jijiyoyin wuyanta suka tashi. Fermin ya kama gefe ɗaya, Ambo ya kama ɗayan. Ƙasan jakar ya rabu da kular da wani dogon sauti kamar ajiyar zuciya, ruwan ya ɓalle ta tiyon da ƙarfi har ya fantsama a ƙafafunsu.

Suka riƙe har ya tsiyaye. Tukunyar ta cika. Ambo ya juya baya yana fyace hanci, yana cewa tururin nan ba ya masa daɗi a ido.

Nanang ta ɗibi kaɗan a murfin jug ta kurɓa. Ruwan zaƙi ne kawai, bai zama komai ba tukuna.

"Nasa ya fi ɗaci," ta ce.

"Ba a sa furen ɗacin ba tukuna, Nanang," in ji Ambo. "Sai an tafasa."

"To ku tafasa mana, kun tsaya kuna kallona."

Ta shiga gida. Suka ɗora tukunyar a wuta. Wannan matakin ba a barinsa ko na ɗan lokaci, da ka juya baya ya yi kumfa ya zube, don haka Fermin ya tsaya a kansa da filafili. Daga ciki ya ji ƙarar murfin tsohon akwatin katako, sai ƙamshin kafur ya biyo iska. Can ta fito, har yanzu cikin baƙinta, da tulin riguna a kafaɗa. Ta bi igiyar shanya tana ratayewa, shuɗiya, mai furanni, koriya ta zuwa coci. Wata rawaya ta tsaya da ita, ta kara a jikinta. Rigar ta yi mata yawa sosai, kamar ta wata mata ce daban. Fermin bai lura ta rame haka ba sai yanzu.

"Sai an rage," ta ce, ba da kowa ba. "Ba yau ba dai. Akwai sauran lokaci."

Ta rataye ta. Kumfa ya taso, Fermin ya juya ya rage wuta. Sai ya ji bayan wuyansa ya yi sanyi, irin sanyin da ake ji in wanda ya daɗe tsaye a bayan mutum yana tare masa iska ya matsa. Ya waiwaya. Shinge ne kawai, da hanyar da ta gangara bakin ruwa, ba kowa a kanta.

"Ading, tukunya!" in ji Ambo.

Ya juyo ya ci gaba da juyawa.